Awon Juriyar Zuciya da Huhu ga Yaran Makaranta: Ina Amfaninsa ga Madarunfa?

Duk wanda ya taɓa kwana a wani ƙauye na gundumar Madarunfa ya san yaron karkara ba ya rasa motsi. Kafin hantsi ya dubi ludayi ya kora awaki bayan gari, ƙanwarsa ta yi sawu biyu ko uku a rijiya, sannan su kama hanyar lakwal a ƙasa, wani kilomita biyu, wani huɗu. Da yamma ga langa, ga kokawa a dandali, ga ƙwallon tsumma. Saboda haka idan aka gaya wa wani uba a Safo ko Gabi cewa masana kiwon lafiya na duniya suna kira da a riƙa auna ƙarfin numfashin yaran makaranta, ba abin mamaki ba ne ya yi dariya ya ce wannan damuwar masu ƙoshi ce. Yana da gaskiyarsa. Sai dai akwai wani ɓangare na maganar da ya shafi ɗansa kai tsaye, kuma shi ne dalilin wannan bayani ga malamai, da kwamitocin iyaye, da ma'aikatan lafiya na yankin.

Mene ne ake aunawa?

Idan mutum yana gudu, ko noma, ko daka, naman jikinsa yana bukatar iskar oksijin domin ya ƙona abinci ya sami ƙarfi. Huhu ne ke shaƙo iskar, jini ya ɗauke ta, zuciya ta tura jinin, naman jiki ya karɓa ya yi aiki da ita. Ma'aikata huɗu ke nan a kan aiki ɗaya, kuma idan ɗaya ya gaza, sauran ukun ba za su iya rufa masa asiri na dogon lokaci ba. Juriyar zuciya da huhu ita ce gwargwadon yadda waɗannan huɗu suke iya ci gaba da aiki mai nauyi ba tare da mutum ya sare ba. A bakin ƴan kokawa wannan shi ne dogon numfashi. Ba ƙarfin damtse ba ne, ba kuma saurin ƙafa ba ne. Sau nawa aka ga ƙato ya fi abokin karawarsa ƙarfi nesa ba kusa ba, amma numfashi ya yanke masa, aka kai shi ƙasa?

Masana suna lissafa wannan juriya da maƙurar iskar oksijin da jiki ke iya amfani da ita cikin minti ɗaya, a kan kowane kilo na nauyin mutum, suna taƙaita sunanta da VO2max. Wani masani ɗan Ingila, A. V. Hill, shi da abokan aikinsa ne suka bayyana ta a farkon shekarun 1920. Ainihin awonta sai a ɗakin bincike: a sanya wa yaro abin rufe hanci da baki, ya yi gudu a kan na'ura har ya gaji, injin yana ƙidaya iskar da ya shaƙa da wadda ya fitar. Wannan ba aikin makarantar ƙauye ba ne, ko a ƙasashe masu arziki. Shi ya sa aka nemi hanyoyin ƙiyasi da za a iya yi a fili. A 1968 wani likitan sojan saman Amurka, Kenneth Cooper, ya fito da gudun minti 12, inda ake auna nisan da mutum ya ci. A 1982 kuma Luc Léger na Jami'ar Montireyal a Kanada ya fito da gudun kai-komo na mita 20, ya gyara shi domin yara a 1988. Wannan na biyu shi ne ya fi yaɗuwa a makarantun duniya.

Me ya tayar da maganar?

Abin da ya tayar da hankalin ƙasashen Turai da Amurka shi ne ganin ƴaƴansu suna raguwa. Wani nazari da ya haɗa sakamakon yara kusan miliyan ɗaya daga ƙasashe 19 masu hannu da shuni ya nuna juriyarsu ta ragu da kimanin kashi 7 cikin 100 tsakanin 1981 da 2014. A 2019 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya suka fitar da alƙaluman ɗalibai miliyan 1.6 daga ƙasashe 146, masu shekara 11 zuwa 17, suka ce kashi 81 cikin 100 ba sa motsa jiki yadda ya kamata: kashi 78 na maza, kashi 85 na mata. A 2020 hukumar ta sake jaddada shawararta cewa yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 a rana na motsin da ke sa zuciya bugawa da sauri. A wannan shekarar dai ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta yi kira da a ɗauki juriyar yara a matsayin alamar lafiya da ya kamata a riƙa bibiya. Hujjarsu tana da ƙarfi. A Suwidin, inda aka daɗe ana auna samari lokacin shiga aikin soja, an bi sawunsu shekaru da dama, aka ga waɗanda suka fi juriya suna da shekara 18 sun fi tsira daga ciwon zuciya bayan sun manyanta.

Wasu ƙasashe sun daɗe da wannan al'ada. Japan tana auna ɗalibanta kowace shekara tun 1964. Sulobeniya tana yi tun shekarun 1980, kuma saboda tana da tsofaffin alƙaluma a ajiye ne ta iya nuna irin faɗuwar da yaranta suka yi bayan rufe makarantu lokacin annobar korona a 2020. Amurka ta taɓa ajiye tsohon gwajinta na makarantu wajen 2013, sai kuma shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin maido da shi a ƙarshen watan Yuli na 2025, lamarin da ya farfaɗo da tsohuwar muhawara kan ko irin wannan gwaji yana ƙarfafa yara ne ko kunyata su yake yi a gaban tsaransu.

Akwai kuma abin da zai faranta wa uban nan na Safo rai. Da aka kwatanta sakamakon gudun kai-komo na yara fiye da miliyan ɗaya da dubu ɗari, masu shekara 9 zuwa 17, daga ƙasashe 50, yaran Tanzaniya ne suka zo na ɗaya, Amurka ta zo ta 47. Ba a tattara alƙaluman kowace ƙasa ta hanya ɗaya ba, don haka kada a ɗauki jerin kamar sakamakon gasa, amma ya isa ya nuna cewa talauci kaɗai ba ya nufin gajeren numfashi. Yaron da ke taka sayyadarsa zuwa makaranta yana da abin da ɗan mota ba shi da shi.

Yadda ake gudun kai-komo

Abin ba shi da wuya. Ana ja layi biyu a ƙasa, tsakaninsu mita 20 daidai. Yara su jeru a layi ɗaya. Ana kunna wani sauti da aka naɗa, wanda ke yin ƙara lokaci-lokaci. Da ƙarar farko su tashi, su isa ɗaya layin kafin ƙara ta gaba, su juyo. A minti na farko saurin kilomita 8.5 ne a awa, wato kusan daƙiƙa takwas da rabi ga kowane sawu, ɗan sassarfa ne kawai. Kowane minti ana ƙara rabin kilomita a awa. A mataki na 5 saurin ya kai 10.5, sawu ɗaya bai cika daƙiƙa bakwai ba. A mataki na 8 ya kai 12, daƙiƙa shida cif. Yaron da ya kasa isa layi kafin ƙara sau biyu a jere, ko ya ji ba zai iya ba, sai ya fita, a rubuta matakin ƙarshe da ya kammala.

Daga wannan mataki da shekarun yaron ake ƙiyasta juriyarsa. A bisa lissafin Léger, ɗan shekara 12 da ya gama mataki na 5 yana da kimanin mililita 45, wanda ya tsaya a mataki na 3 kuwa kimanin 40. Wani nazari na 2016 ya ba da shawarar cewa namijin da ya gaza 42, ko macen da ta gaza 35, ya kamata a sa musu ido. Kayan aiki kuwa igiya ce mai mita 20, da toka ko farar ƙasa ta jan layi, da wayar salula mai ɗan lasifika, da littafi da alƙalami. Mu da muka yi zamanin kaset mun sha fama da zaren da ya saki ko batir da ya yi sanyi, sautin ya riƙa jan ƙafa, kowane yaro ya zama gwarzo. Waya ta raba mu da wannan.

Abin da awon zai faɗa a Madarunfa

A nan ne ya kamata a tsaya a yi tunani, domin gwajin ɗaya ne amma fassararsa ta bambanta. A Turai idan yaro ya sare da wuri, abin da ake fara zargi shi ne ƙiba da yawan zama. A ƙauyen da ke bakin tafkin Madarunfa, ko kusa da fadamun Jiratawa, yaron da ya sare da wuri ba mai ƙiba ba ne, ba kuma mazauni ba ne. Cikin ma'aikatan nan huɗu, wanda ya fi yiwuwa ya gaza shi ne jini.

Sinadarin himogulobin, wanda ke ba jini launin ja, shi ne ke ɗaukar oksijin. Idan ya yi ƙaranci, zuciya sai ta ƙara bugu domin ta kai abin da a da take kaiwa cikin sauƙi, kuma da an ƙara sauri kaɗan sai yaro ya fara haki. Abubuwan da ke rage jinin yaro kuwa duk muna da su a gida: zazzaɓin cizon sauro da ke tsananta daga Agusta zuwa Oktoba, tsutsar ciki, abincin da ba shi da isasshen sinadarin ƙarfe, amosanin jini, da tsargiya. Binciken lafiyar iyali na ƙasa na 2012 ya sami ƙarancin jini a jikin kashi 73 cikin 100 na yaran Nijar ƴan ƙasa da shekara biyar. Ƙidayar abinci mai gina jiki ta 2022 ta nuna kashi 47 cikin 100 na irin waɗannan yara sun tsumbure, kuma a jihar Maraɗi abin ya haura rabi. Waɗannan yara ba ɓacewa suke yi ranar da suka cika shekara biyar ba. Su ne ke zaune a aji bayan shekara ɗaya ko biyu.

Tsargiya ta cancanci a daɗe a kanta. Tafkin Madarunfa albarka ne ga masunta da masu lambu, ga kuma kaburburan waliyyai 99 da suka sa ya yi suna, har aka shigar da shi cikin dausayoyin duniya masu muhimmanci a 2019. Amma ruwan kwance, ko na tafki ko na magudanar noman rani ko na kududdufin damina, shi ne mazaunin ƙananan dodon koɗin da ke renon ƙwayar tsargiya. Yaro ya shiga wanka ko kamun kifi, ƙwayar ta huda fatarsa, ta girma a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara, ƙwanta ya riƙa tsaga bangon mafitsarar, jini ya riƙa fita da fitsari kaɗan-kaɗan, wata da watanni. Nijar ta kafa shirin yaƙi da wannan cuta a 2004, ana raba maganin furazikwantel a makarantu. Wani bincike da aka wallafa a 2008 ya bi ɗalibai 1,642 a yankunan ƙasar da cutar ta yi katutu. Kafin magani kashi 75 cikin 100 suna ɗauke da ita, kashi 62 kuma suna da ƙarancin jini. Shekara ɗaya bayan shan maganin tsargiya da na tsutsar ciki sau ɗaya tak, masu cutar sun koma kashi 38, masu ƙarancin jini sun koma kimanin kashi 50.

Ko gudun kai-komo yana iya nuna irin wannan lahani? An gwada. A gaɓar tekun Kenya, inda tsargiya da zazzaɓi da tsutsar ciki suka haɗu kamar yadda suka haɗu a nan, wani bincike na 2011 ya sami cewa yaran da ke da ƙarancin jini ko tsumburewa sun fi saurin sarewa. A Kodebuwa kuwa, a wannan shekarar dai, wasu masu bincike ba su ga bambanci tsakanin masu tsutsa da marasa ita ba. Idan aka haɗa biyun, abin da za a iya ɗauka shi ne gudun ba ya gano cuta, amma yana iya nuna yaron da cuta ta riga ta ci masa jini. Ba ƙaramin abu ba ne wannan.

Na koyi haka ne ta hanyar da ba na alfahari da ita. Lokacin da nake riƙe da aji, kafin in koma aikin yaƙi da jahilci, ina da wani ɗalibi da kullum shi ne na ƙarshe idan na sa su zagaya fili. Na kira shi raggo a gaban ƴan ajinsu ba sau ɗaya ba. Sai wata rana na lura da farin cikin idonsa da tafin hannunsa sun yi fari fat, na tambaye shi a keɓe, ya ce fitsarinsa yana fita da ja tun bara. Da na je gidansu, mahaifinsa ya ce mini: “Haba Malam, ai tsargiya ce kawai. Mu ma duk mun yi ta, ga mu nan.” Da ƙyar na shawo kansa aka kai yaron likita. Shekara guda ina da shaida a gabana kowane mako, ina karanta ta a matsayin lalaci.

Abin da ya sa wannan ya fi muhimmanci shi ne giɓin da ke cikin tsarin kula da lafiyar yara. Tun bayan yunwar 2005, wadda ta fi tsanani a jihar Maraɗi, an gina hanyoyi masu kyau na lura da ƙananan yara. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shafe shekaru tana jinyar masu tamowa a Madarunfa da Ɗan Isa. Iyaye mata sun koyi awon damtse da zare mai launi uku. Tun 2006 aka ayyana magani kyauta ga ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma rigakafin zazzaɓi na damina da aka fara a 2013 an tsara shi ne ga ƴan wata 3 zuwa wata 59. Duk wannan daidai ne, domin a waɗannan shekaru ne mutuwa ta fi ɗauka. Amma daga shekara shida zuwa sha biyar, ban da ranar rabon maganin tsutsa, babu mai auna yaro sai ya kwanta. Makaranta ce kaɗai wurin da ake ganinsa kullum.

Inda gizo ke saƙar

Duk da haka, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai matsaloli da wanda zai kawo wannan gwaji ya kamata ya sani tun kafin ya ja layi.

Ta farko ita ce gwajin kansa ƙiyasi ne. Wasu masana biyu na Jami'ar Ekseta a Ingila, Neil Armstrong (ba wanda ya taka wata ba) da Jo Welsman, sun yi rubutu a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 suna cewa kuskuren ƙiyasin yana da faɗi idan ana maganar yaro guda, kuma raba lissafi da nauyin jiki yana zaluntar mai jiki, yana fifita siriri. Wannan ya shafe mu ta bayan gida: siririn yaro yana iya yin gudu mai kyau saboda ba shi da nauyin ɗauka, a ce masa lafiya lau, alhali yunwa ce ta sassaƙe shi. Don haka sakamakon gudu ba tare da awon tsawo da nauyi ba rabin labari ne.

Sai shekaru. Lissafin yana bukatar shekarun yaro, mu kuwa mun san yadda takardun haihuwa da yawa suke a karkara: an yi su ne daga baya a gaban alƙali, an rubuta shekarar da ta dace da shiga makaranta. Ɗan shekara 14 da takarda ta ce 11 yake zai fito zakara a banza. Sannan ma'aunan da ake kwatantawa da su, yawancinsu daga yaran ƙasashe masu arziki aka samo su, a ɗakunan wasanni masu daɓen katako, da takalman gudu. Namu a kan rairayi za su yi, ƙafa tsirara ko da silifa, ga ƙarangiya. Rairayi yana cin ƙarfi, kuma makarantar da filinta fako ne za ta doke wadda filinta jigawa ce ko da yaransu ɗaya ne. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kwatancin da ke da ma'ana shi ne na yaro da kansa bara, da na aji da kansa bara, a fili ɗaya, a wata ɗaya.

Zafi kuwa ba matsalar lissafi kaɗai ba ce, matsalar rai ce. Daga Maris zuwa Mayu zafin Maraɗi yana haura digiri 40. Gwajin da ke neman yaro ya yi gudu har maƙurar ƙarfinsa bai dace da irin wannan lokaci ba, bai kuma dace da ranar da hazo ya rufe gari ba, ko da mai azumi. Yaron da ke da amosanin jini, wato sikila, ba a sa shi ko kaɗan, domin gajiya da ƙishirwa da zafi su ne ke tayar da ciwon. Haka mai fuka da ta tashi, da mai zazzaɓi ko wanda bai daɗe da tashi daga gare shi ba, da wanda ya taɓa suma yana wasa, da wanda likita ya ce yana da ciwon zuciya. Waɗanda suka gaji sikila ta gefe ɗaya kawai suna da yawa a cikinmu, akasarinsu ba su ma sani ba. Suna wasa kamar kowa, amma saboda su ne dokar ruwan sha da sanyin safiya ta zama dole a kan kowa.

Batun ƴan mata ya fi duka sarƙaƙiya. Yarinyar da ta fara girma, tana ɗaure da zane da hijabi, ga samari sun yi da'ira suna kallo, za ta fita a mataki na biyu ko da numfashinta na iya kai ta na shida. Abin da aka auna a nan kunya ce. Idan ana son sakamako na gaskiya sai a ware su, malama ta tsaya a kansu, a gaya musu tun jiya su sa wando a ƙarƙashin zane. Ga kuma abin da ya fi wannan: binciken 2012 ya nuna kusan mata tara cikin goma a jihar Maraɗi an aurar da su kafin shekara 18. Ƴan matan da suka kai kwaleji ƴan tsiraru ne, kuma su ne a shekarun da jinin al'ada ke ƙara musu haɗarin ƙarancin jini. Waɗanda suka fi bukatar a duba su ba sa cikin aji. Haka almajiran makarantun allo, da yaran da muke karɓa a cibiyoyin karatu na waɗanda makaranta ta wuce su, da waɗanda matsalar ƴan bindiga a kan iyaka ta raba da garuruwansu tun 2019. Duk alƙaluman da aka samo daga lakwal, a rubuta a kansu cewa na ƴan lakwal ne.

Ga makarantar da ta yi niyya

Ra'ayina shi ne a yi, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kada a ba da maki. Mun ga abin da maki ya yi wa wasannin motsa jiki a jarrabawar BEPC: ɗalibi ya shekara bai yi gudu ba, saura makonni kaɗan a fito da shi cikin zafi ya yi ta zagaye. A firamare kuma, inda malamin aji shi ne malamin wasanni, na sha ganin lokacin motsa jiki ya koma na shara ko na ƙarin lissafi. Da zarar gudun kai-komo ya zama abin maki, ko abin da za a jera makarantu da shi a gaban sufeto, malami zai tura yaro fiye da kima, ko ya gyara lamba. Na biyu, kada a fara sai darakta ya zauna da shugaban cibiyar lafiya mafi kusa, sun amince a kan ranar da za a kawo yaran da aka ware, da abin da za a duba musu, da wanda zai biya. Ɗan shekara tara ba ya cikin masu magani kyauta. Idan kwamitin makaranta bai tanadi kuɗin awon jini da na fitsari ba, littafin sakamakon zai ƙare ne a cikin akwati, gara ta cinye shi.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba: an gama girbi, yara sun dawo aji, akwai hatsi a rumbu, zazzaɓi ya fara lafawa, zafi ya sauka. A yi da ƙarfe takwas na safe, a wuri mai tauri da aka share. A tabbatar kowa ya karya kumallo, ko da kunu ne ko fura, a ajiye tulun ruwa a inuwa. A fara da ƴan shekara tara zuwa sama, domin ƙanana ba sa gane tafiya da sautin. A yi gwajin wasa mako guda kafin na gaske, don yaran da ba su saba ba sukan fita da gudu tun ƙarar farko su ƙone ƙarfinsu. Yara goma zuwa goma sha biyar a lokaci ɗaya sun isa, kowanne da abokin da ke ƙidaya masa sawu. Ajin mutum saba'in zai gama kafin rana ta yi zafi. Malami ya bi su a mataki na farko da na biyu domin ya daidaita musu sauri. Wanda ya fita kada ya zube a ƙasa, ya ɗan taka har numfashinsa ya dawo. Wanda ya ce ƙirjinsa na ciwo, ko jiri na ɗibarsa, a tsayar da shi nan take, ba a lallashinsa ya ƙarasa. Inda babu waya ko lasifika, gudun minti shida a kewayen da aka auna da igiya zai wadatar, muddin shi za a maimaita baɗi.

Wanda za a tura likita ba na ƙarshe a aji kaɗai ba ne, domin kowane aji yana da na ƙarshe. A duba wanda ya yi nisa ƙwarai a bayan tsaransa, da wanda ya faɗi ƙasa da abin da ya yi bara, da wanda hakinsa ya daɗe bai kwanta ba. A kira shi a keɓe, a dubi cikin fatar idonsa da tafin hannunsa, a tambaye shi launin fitsarinsa, da yaushe ya yi zazzaɓi, da abin da ya ci tun jiya. Amsar tambaya ta ƙarshe wani lokaci ita ce ke warware komai, kuma maganinta yana wurin kwamitin iyaye da masu ciyarwa a makaranta, ba wurin likita ba.

A matsayina na ma'aikacin karatu, akwai wata riba da nake hange. Yaro yana iya sa yatsa biyu a wuyan hannunsa, ya ƙidaya bugun jijiya na daƙiƙa 15, ya ninka sau huɗu, kafin gudu, da bayan gudu, da bayan hutun minti ɗaya. Lambobi uku ke nan da suka fito daga jikinsa, ya rubuta su da hannunsa, ya ɗebe wannan daga wancan. Darasin lissafi da na kimiyya sun samu ba tare da an sayi littafi ba. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya dace takardar rubuta sakamakon da bayanin da za a kai wa iyaye su kasance da Hausa, boko da ajami, don uban da ya yi karatun allo ya karanta da kansa. Makarantar horon malamai ta Maraɗi da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna da ɗaliban da ke neman abin bincike kowace shekara. Makarantu shida, ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma ta gundumar, wato Madarunfa, Ɗan Isa, Jiratawa, Gabi, Safo da Sarkin Yamma, wasu a bakin ruwa wasu a tudu, idan aka auna su a wata ɗaya shekara uku a jere, tare da tsawo da nauyi da awon jini, za su ba gundumar ma'aunin kanta da za ta riƙa kwatanta yaranta da shi.